Gaɓar da Almakashi Ya Ci

Hantsi ya ɗaga, hadari ya haɗu a gabas tun asuba amma ya ƙi zuba, gari ya ɗauki wani zafi mai nauyi irin wanda ke manna wa mutum riga a baya. Shitu yana zaune a 'yar rumfarsa da ke bayan layin 'yan canji a Wapa, ya duƙufa a kan aikinsa.

Sana'arsa gyaran kuɗi ce. Takardar da ta yage, da wadda ɓera ya taɓa, da wadda aka manta a aljihu aka wanke, duk wurinsa ake kawowa. Kayan aikin ba su da yawa: almakashi, reza, salatef, dutsen guga na gawayi, sai wani tsohon gwangwanin madara da yake tara guntayen da ya datse. Mai gyaran kuɗi ba ya zubar da guntu, don wata rana da shi zai yi faci.

Ya ɗaga kai ke nan sai ya ga Inna, mahaifiyarsa, tsaye a bakin rumfa. Rabonta da kasuwa har ya manta.

"Inna, lafiya? Da kin aiko ai da na zo."

"Wannan ba abin aike ba ne," in ji ta.

Ta zauna a kan benci, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da wata takardar kuɗi. Shitu ya san ta. Yayansa Hudu ya tafi Ikko ya sami aiki a jirgin ruwa mai dakon kaya. A daminar bara wani direban tirela ya kawo jakarsa gida, ya ce guguwa ta rutsa da su kusa da wani tsibiri, igiyar ruwa ta ɗauke Hudu, ba a ga gawa ba. A cikin jakar aka sami wannan takarda. Inna ta ƙi karɓar gaisuwa. Tun daga ranar, kullum ta tuƙa tuwo sai ta kwashe na Hudu ta rufe da faifai.

Takardar shuɗiya ce da ratsin kore, rubutunta ba boko ba, ba ajami ba. An zana wani dutse mai tsawo, kogi yana gangarowa daga kansa. Ga farin tsuntsu mai jan baki da doguwar jela a sama, ga ƙatuwar kunkuru a gindin bishiyar kwakwa. Gefen tsibirin duk duwatsu ne masu tsini a tsaye cikin ruwa. Can ƙasa kuma, a kan teku, wani ɗan kwalekwale da mutum ɗaya a ciki.

Alhaji Nalado ɗan canji, maƙwabcin Shitu, ya leƙo ta saman tabarau. "Hajiya, wannan ko mu nan Wapa ba mu san uwarta ba. Ko ƙosai ba za ta saya miki ba."

Inna ba ta ko dube shi ba. Ta ɗora yatsa a kan kwalekwalen. "Dubi kafaɗarsa ta hagu yadda ta sauka. Tun da ya faɗo daga mangwaron gidan Malam Ilu take haka. Da aka kawo takardar yana nan tsakiya. Yanzu dubi inda ya kai. Tuƙi yake yi, Shitu. Ya kusa. Amma ta fara yagewa a hannuna, ina tsoron ta rabu kafin ya isa. Ka gyara mini."

Shitu ya ji tausayinta ya kama shi, ya ce a ransa baƙin ciki ya taɓa tsohuwa. A fili kuwa ya ce, "To, Inna."

Ya yi mata aiki irin wanda bai taɓa yi wa kowa ba. Tsagar ta bi ta kan kogin, ya haɗa ta sosai ya shimfiɗa salatef. Bakin takardar na dama ya tattashe saboda yawan taɓawa, ya sa almakashi ya datse siririn farin, yadda ake yi don kuɗi su fito kamar sababbi, ya jefa guntun a gwangwani. Ya ɗora ɗanyen tsumma, ya bi ta da dutsen guga, gaba da baya. Ya miƙa mata yana murmushi.

Inna ta duba. Sai ta miƙe tsaye. "Ina yashin? Shitu, ina gaɓar da zai sauka?"

Kafin ya ba ta amsa, tururi ya taso daga takardar, da warin gishiri da ƙarnin kifi. Hayaniyar Wapa ta ɗauke ɗif. Alhaji Nalado ya sandare da baki buɗe, Inna ta sandare da hannu a miƙe. Farin tsuntsun ya juyo da kansa, ya fizge fukafukansa daga jikin takardar, ya diro kan teburi, yana girma yana girma har kansa ya tokari kwanon rumfa.

"Ya kai ɗan Adam, ma'abocin almakashi," in ji shi. "Sunana Jelau, ni ke gadin sararin tsibirin Salumba. Shin ka san abin da hannunka ya aikata?"

Shitu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, gyara na yi."

"Ka toshe mana kogi. Ka ƙona mana daji. Ka yanke farin yashin da babu wata gaɓa a Salumba sai ita. Yanzu teku tana kwarara ta inda ka yanke zuwa inda babu komai, tana jan kwalekwalen ɗan'uwanka. In la'asar ta yi ba a mai da gaɓar ba, zai faɗa, kuma wanda ya faɗa can ba a sake jin ɗuriyarsa."

Shitu ya zazzage gwangwanin. A cikin tarin guntaye, ɗaya ne kawai yake da danshi, da tsabar yashi a jikinsa. Ya sa shi a cikin hula ya mai da kansa. Ya kai hannu zai ɗauki salatef.

"Ajiye," in ji Jelau. "Ƙarfe da roba ba za su sake shiga ƙasarmu ba."

Ya cafki wuyan rigarsa da baki, ya tashi sama, ya sulmiyo da shi da ka cikin takardar.

Shitu ya buɗe ido ya gan shi a gindin dutsen nan mai tsawo. Bai ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Bishiyoyi duk sun kwanta sun fuskanci gefe guda, ganyensu ya soye. Ga birai da jemagu da ƙananan tsuntsaye an murje su a ƙasa kamar zane, har yanzu hayaƙi na tashi daga gashinsu.

"Ɗazu sama ta sauko ta zama baƙin ƙarfe mai zafi," in ji Jelau. "Ta bi ta kanmu ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa."

Shitu ya miƙe tsaye. Wani nauyi ya danne masa wuya, ya taɓa kansa ya ji guntun nan ya zama ƙaton naɗi kamar na tabarmar masallaci, yashi yana zubo masa a ido, ƙaguwa tana leƙowa ta baki. Ya murɗe hularsa ya yi gammo da ita.

"Da wannan kaya ba na iya ɗaukarka," in ji tsuntsun. "Taka da ƙafarka."

Suka nausa, shi a ƙasa, Jelau a sama. Toka tana cin tafin ƙafarsa ta cikin silifas. Ba su jima ba suka iso kogi. An rufe shi tun daga gindin dutse har inda ido ya tsaya da wani abu mai sheƙi kamar gilashi. A ƙarƙashinsa kifaye sun juya ciki sama. A tsakaninsu ga wasu mata masu dogon koren gashi, sun manna tafukan hannuwansu a jikin rufin, bakunansu na buɗewa suna rufewa.

"Tsallaka ta kai," in ji Jelau. "Rana tana tafiya."

Shitu ya ɗora ƙafa ɗaya. Sai babbar cikin matan ta ɗago fuskarta daidai ƙarƙashin ƙafarsa, muryarta ta fito can ƙasa-ƙasa. "Ya kai mai tafiya da kayan da ba nasa ba, za ka taka mu ka wuce? Mu ne matan kogi. 'Ya'yanmu sun daina motsi."

Ya janye ƙafar. Ya sauke kayansa a hankali a bakin ruwa.

"Duk numfashin da ka yi a nan, ɗan'uwanka yana matsawa bakin halaka," in ji Jelau.

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma ni na rufe su."

Ya bi gefe har ya sami bakin salatef ɗin, kaurinsa kamar ƙirgin saniya. Ya san in aka fizge shi da ƙarfi zai tashi da fuskar takarda, wato kogin da matan gaba ɗaya. Ya durƙusa yana hura masa hucin bakinsa, yana ɗagawa da farce kaɗan-kaɗan, yana naɗewa. Faratansa suka tsage, jini ya ɓata gaban rigarsa. Rana ta zo tsaka ta ɗan karkata kafin ƙarshen ya saki. Ruwa ya yi wani gurnani ya ɓalle, ya kwashi matattun kifaye ya yi gaba da su.

Shitu ya tuna da tsagar. "Baiwar Allah, ai ƙasar za ta rabe biyu. Don haka na liƙe ta."

Babbar matan ta ɗago gashinta ya gani. Gashin kowace mace ya shiga cikin gaɓar nan ya fita ta waccan. "Tun ran da tsagar ta fara muke riƙe da ita. Ba mu aika neman mai gyara ba." Ta sa hannu a ruwa ta fito da ƙayar kifi, doguwa, mai kafa a gindi, ta jefa masa. "Allura ce. Babu godiya tsakaninmu da kai. Kai ka rufe, kai ka buɗe, waɗanda suka mutu kuma sun mutu."

Ta nutse da wani ƙaramin abu rungume a ƙirjinta, wanda ba ya motsi.

Ya ɗauki kayansa ya ratsa ruwan. A ƙetare ya ga wani tudu a gindin ƙonanniyar kwakwa, ya nufe shi zai hau, sai tudun ya miƙo wuya. Kunkurun nan ce. Zafi ya tsattsaga mata ƙoƙon baya, ido ɗaya ya tsiyaye.

"Tsaya nan, ɗan mutum," in ji ta. Maganarta a hankali take fita, kamar ana jan turmi a ƙasa. "Ka san abin da ke kanka?"

"Yashi ne, Kaka."

"Ƙwayayena suna ciki. Na binne su kafin almakashinka ya zo. Na ga sarakuna sun zo sun wuce a wannan tsibiri, ban taɓa roƙon kowa ba, kuma ba zan fara da kai ba. Gaya maka nake yi: in ka yar da kayan nan, ba tekun ce za ta ci ka ba, ni ce."

"In sha Allahu ba zan yar ba."

"Za mu gani. Ga hanyarka."

Shitu ya san zaren azurfar nan da ke ratsa takardar kuɗi daga sama zuwa ƙasa, kullum yana kiyaye shi in yana aiki. To ga shi nan a gabansa, ya zama gada, faɗinta bai wuce tafin ƙafa ba, an miƙa ta a kan wani rami da ba a ganin ƙarshensa. Ya yi bisimilla ya hau.

Bai yi nisa ba sai hannuwa suka fara fitowa daga ramin. Hannuwa kawai, ba jiki. Na masunta masu kanta, na mahauta masu maiƙo, na mata masu zobba, na kutare, na ɓarayi masu sanyin taɓi. Jelau ya yi kira daga sama, "Duk hannun da ya taɓa riƙe takardar nan yana nan, kuma kowanne yana ganin tasa ce. Kada ka tsaya."

Suka kama masa wando, suka yakushi ƙwaurinsa, suka fizge silifas ɗinsa. Wani mai zoben zinariya ya damƙi idon sawunsa ya ja. Ƙafarsa ta zame daga kan zaren, kayan suka karkace, yashi ya fara zuba. Sai ya ji ƙafar ta sauka a kan wani abu mai ɗumi. Ya duba ƙasa. Wani busasshen hannu ne, mai tsohon lalle a farce da tabon ƙunar murhu a babban yatsa, ya buɗe tafinsa ya tallafe shi. Ya san tabon, na Inna ne. Hannun ya ɗaga ƙafar ya mai da ita kan zaren, ya bi shi a ƙasa yana kakkaɓe sauran har ya kai ƙarshe.

Shitu ya zube a ƙetare yana kuka, amma bai saki kayan ba.

Nan babu bishiya, babu dutse, sai wani farin fili da ya haɗe da sama. Jelau ya sauka ya sunkuyar da kai. Rana ta faɗo ta bayan farin, sai wata fuska ta bayyana, girmanta ya cika sararin, irin fuskar nan da ba a gani a jikin kuɗi sai an ɗaga su ga haske. Fuskar mace ce, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba.

"Gaisuwa ga Sarauniyar Ɓoye," in ji Jelau. "Ga mai laifi, ga abin da ya ɗauka."

"Ya kai Shitu ɗan mai tuwo," in ji fuskar, leɓɓanta ba su motsa ba. "Mutanen Salumba sun yi alkawari da mu tun kakanninsu. Suka zana dutsenmu da tsuntsunmu da kunkurunmu a jikin kuɗinsu, mu kuma muka ɗauki nauyin riƙe musu tsibiri kada teku ta haɗiye shi. Abin da aka yi wa zanen, mu aka yi wa. An murɗe mu, an jiƙa mu da gumi, an cusa mu a takalmi, duk mun jure. Yanka ne ba a taɓa yi mana ba."

"Allah ya ja zamaninki, na ɗauka farin bakin takarda ne."

"Na san abin da ka ɗauka. Kana da allura. Ina zarenka?"

Shitu ya fara laluben bakin rigarsa.

"Ba a ɗinka ƙasa da auduga. Hannun da ya riƙe almakashi, jijiyarsa ce za ta ɗinke. Bayan haka hannun ba zai ƙara riƙe ko cokali ba."

Ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake ci, da shi yake ciyar da Inna. Ya ce, "In dai Yaya zai koma gida, a ɗauka."

"Ba mu ciniki a kan ƙarya," in ji fuskar. "Ɗan'uwanka ba zai koma gida ba. Ransa ya tafi ga Mai shi tun ranar guguwa, wannan ba huruminmu ba ne. Ɗan'uwan naka ya sauka a kasuwarmu kafin guguwar, ya ga yara suna jifan ɗan kunkuru, ya saye shi ya mai da shi ruwa. Takardar nan canjinsa ce. Don haka muka hana kifi gawarsa, muka sa shi a kwalekwale, muka ara masa motsi da magana har ya taka ƙasa. In ya taka, zai sami kabari. In ya faɗa ta yankan, babu kabari, babu inda uwarsa za ta nuna ta ce ga ɗana. Abin da hannunka zai saya ke nan. In ka fasa, ajiye yashin ka tafi, Jelau zai mai da kai da hannuwanka biyu, mu kuma mu zauna da rauninmu."

Shitu ya sake duban hannunsa. Ya tuna faifan da ke kan kwanon tuwo, da yadda Inna ke ɗaga shi da safe ta ga ba a taɓa ba, ta mayar ta rufe.

"A nuna mini wurin," in ji shi.

Ƙarar ce ta fara iso masa kafin ya ga wurin. Ƙasa ta ƙare a miƙe sar, yankan almakashinsa mai kyau, ko karkata babu. Teku tana zuba ta nan cikin wani baƙi da ba shi da sama ba shi da ƙasa. Ga kwalekwale can dab da baki, mutumin ciki yana tuƙi da baya iya ƙarfinsa, kafaɗarsa ta hagu a sauke.

Shitu ya warware naɗin. Farin yashi ya shimfiɗu yana lilo a kan babu. Ya miƙa wa Jelau hannunsa ya kau da kai. Jan bakin nan ya shiga wuyan hannun, ya zaro wani farin abu mai tsawo. Shitu ya yi ƙara har dutsen ya amsa. Yatsunsa suka lanƙwashe suka tsaya. Ya zura jijiyar a kafar allura da haƙori, ya kama da hagu, ya fara ɗinki yana rarrafe, ruwa yana dukan fuskarsa. Ɗinkin ya fito a karkace, wani wuri babba wani wuri ƙarami, aikin da in yaron shago ya yi masa sai ya sa a warware. Amma ya kama. Ƙarar tekun tana raguwa tana raguwa, da ya ɗaure ƙarshe sai ta ɗauke. Igiyar ruwa ta zo ta kwanta a kan yashi a hankali, ta koma.

Kwalekwalen ya taho har ya dungure gaɓa.

"Kai, ɗan salatef," in ji Hudu. "Ashe kai ne ka cinye mini gaɓa? Na zo har ina ganin ƙaguwa, sai na ga wayam."

"Yaya, wallahi gyara na yi."

"Haka ka gyara rediyon Baba, har ya rasu ba ta ƙara magana ba." Ya yi dariya. Fatarsa ta yi fari kamar ta wanda ya daɗe a wanki, gishiri ya bushe a gemunsa. Ya dubi hannun Shitu, dariyar ta tsaya. "Me ya yi maka haka?"

"Ba komai. Ƙaya ce."

"Har yanzu ba ka iya ƙarya ba." Ya ajiye matuƙin a kan cinyarsa. "Na gaji, Shitu. Ba ka san yadda na gaji ba. Yaya Inna? Ƙafar nan tata?"

"Da sauƙi. Tana kwashe maka tuwo kullum."

"Na sani. Ina jin yatsanta a bayana tana turo jirgin. Ka ce mata ta daina. Ka ce ta riƙa ba Talatu mai wanke-wanke, ita da marayunta. Ka ce ta yafe mini tafiyar da na yi ba ta so."

"Yaya, ka ɗan zauna tukuna. Ai ba sauri."

"La'asar ta yi, ƙanena. Riƙe ni, ƙafafun sun manta ƙasa."

Shitu ya shiga ruwa ya sa masa kafaɗa. Hudu ya yi kalmar shahada, ya ɗaga ƙafa ya taka yashin. Nan take nauyinsa duka ya sauko a kan Shitu.

Matan kogi suka kawo ruwan daɗi a cikin ɓawon kwakwa, suka ajiye suka juya baya, Shitu ya wanke shi da hannu ɗaya. Ya kwance farin ƙyallen da ke jikin kwalekwalen ya yi likkafani. Kunkurun ta iso a lokacin, ta fara shinshina inda ƙwayayenta suke, ta ga suna nan, sannan ta matsa gaba inda igiyar ruwa ba ta kaiwa ta haƙa rami da ƙafafunta. Jelau ya tsaya ya miƙa baki ya nuna masa alƙibla. Shitu ya yi masa salla shi kaɗai, ya rufe shi, ya kafa matuƙin a wajen kai.

Bai gama share hawaye ba ya ji an cafki wuyan rigarsa.

Hayaniyar Wapa ta dawo masa a kunne gaba ɗaya. Hadarin nan ya sauko, ruwa yana dukan kwanon rumfa, masu talla suna gudu. Alhaji Nalado ya ƙifta ido ya ce, "Subhanallahi! Shitu, ina takalmanka? Me ya sami hannunka? Ba na hana ka wasa da reza ba?"

Inna tana tsaye yadda ya bar ta, takardar a hannunta. Ta kai ta kusa da ido. Salatef ya ɓace. Dajin da ke gindin dutse ya koma ruwan toka. A bakin dama ga siririn farin yashi, an haɗa shi da wani ɗinki karkatacce. Ga kwalekwale a kan yashin, ba kowa a ciki. A gaba kaɗan ga ɗan tudu, da sanda a kafe.

Ta daɗe tana kallo. Shitu ya faɗa mata saƙon, bai rage ba bai ƙara ba, har da maganar Talatu.

"An yi masa wanka?" in ji ta.

"An yi, Inna."

"An yi masa salla?"

"Na yi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta juya wajen Alhaji Nalado. "Alhaji, in kun tashi ku faɗa a masallaci. Gobe zan zauna karɓar gaisuwa."

Alhaji Nalado ya cire tabaransa.

Ta ninke takardar ta sa a bakin mayafi za ta ƙulle, ƙullin ya ƙi kamawa. Ta sake gwadawa ya kwance. Shitu ya matso ya durƙusa, ya kama gefe ɗaya da hannun hagu, ya kama ɗayan da haƙori, ya ja har ya ƙullu tam. Inna ta ja mayafinta ta rufe kai, ta fita cikin ruwan ta nufi gida, ba ta waiwayo ba.